Tukunyar Biki Ba Ta Kwana a Murhu

A ƙofar firijinmu akwai wata takarda da uwargida ta manne da maganaɗisu, ta kuma hana a cire ta ko da yake aikinta ya ƙare tuntuni. Layi biyu ne a jikinta. Na hagu kwanan wata ne, na dama kuma lambobi: 4, 4, 4, 5, 4, 14, 4, 4. Kwanan watan na nufin ranar da na kunna murhun gashi a bayan gida, lambar kuma yawan bakin da suka ci abin da aka gasa. Daga Yunin 2023 zuwa Afrilun 2024 na kunna shi sau 34. Sau 29 mu huɗu ne kawai: ni da ita da yaranmu biyu. Sau uku mun kai biyar ko shida. Sau biyu tak muka haura takwas.

Murhun da na saya kuwa zai iya ciyar da mutum talatin ba tare da an yi sahu biyu ba.

Aikina harhaɗa magunguna a wani asibiti a birnin Kolombus na jihar Ohayo. Yinina duka a kan awo yake ƙarewa, domin ƙwayar da ta dace da babba tana iya halaka jariri. Duk da haka, ranar da na shiga kanti sayen abin gasa nama, sai na ajiye wannan tarbiyya a mota. Wannan rubutu bayanin kuskuren ne, da lissafin da ya kamata in yi tun farko, ko wani da ke shirin irin wannan saye zai tsira da kuɗinsa.

Wane irin murhu ne wannan?

Amurkawa suna da wani murhun gashi da ba ya amfani da gawayi ko iskar gas. Makamashinsa garin katako ne da aka matse da inji ya zama ƙananan ƙwayoyi, kaurin kowace bai wuce milimita 6 ba. Wanda ya taɓa kiwon kifi ya san kamanninsu, don da abincin kifi suka fi kama, kuma sunansu ɗaya: felet. Ba a zuba musu gam. Zafin matsewa ne ke narkar da wani sinadari na cikin itacen kansa, liginin, shi ke riƙe su idan sun huce.

Asalin abin daga ɗumama ɗaki ne. Bayan tsadar man fetur ta 1973, mutanen arewa maso yammacin Amurka, inda injinan yankan katako ke tara gari tsibi-tsibi, suka koma ɗumama gidaje da irin waɗannan ƙwayoyi. Wani mutum mai suna Joe Traeger, wanda danginsa ke sana'ar kayan ɗumama gida a garin Mount Angel na jihar Oregon, shi ya juya dabarar zuwa girki a 1985, ya yi mata rajistar mallaka a 1986. Shekara ashirin kamfaninsa na cin kasuwar shi kaɗai. Da wa'adin rajistar ya ƙare a 2006 sai wasu kamfanoni suka shigo, farashi ya sauko, girma da siffa suka yawaita. Wannan yawan zaɓi shi ne mafarin wahalar mai saye.

Yadda yake aiki ba wuya. A gefe akwai rumbu da ake zuba ƙwayoyin. A ƙasan rumbun akwai wani murɗaɗɗen ƙarfe, irin na cikin injin markaɗe, yana juyawa a hankali yana tura su zuwa wani ɗan ƙoƙon wuta da bai fi gwangwanin madara girma ba. Wani tsinken lantarki ne ke tayar da wutar, fanka tana hura ta, na'ura kuma tana auna zafin ciki tana ƙara ƙwayoyi ko ta rage. Tsakanin wutar da naman akwai faranti biyu na ƙarfe, ɗaya yana watsa zafi, ɗaya yana tare kitsen da ke ɗiga. Saboda haka harshen wuta ba ya taɓa naman. Zafi da hayaƙi ne ke kewaya shi a rufe.

Wannan ya sa abin ya fi kusa da banda a kan gashi irin na tukuba. Galibinsu suna aiki daga digiri 82 zuwa 260 a ma'aunin Salshiyos, kuma inda suka fi ƙwarewa shi ne wajen digiri 107, inda nama mai jijiya kamar ƙirjin sa ko karfatar rago zai yi awa takwas ko goma sha biyu yana laushi har ya saki ƙashi. Kai kuma kana barci, ko kana wurin aiki. Ga mai aikin asibiti da ba shi da lokacin zama yana fifita garwashi, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ranar saye

Mun sayi gida a ƙarshen 2022, bayan shekara tara a gidajen haya na bene. A irin waɗancan gidaje, dokar kashe gobara ta garuruwa da yawa ta hana kunna wutar gashi a baranda ko kusa da bangon katako, kuma masu gidan da muka zauna sun rubuta haka a yarjejeniya. Shekara tara ke nan naman layyarmu yana ƙarewa a tukunya da tanderun kicin. Don haka da muka samu fili a bayan gida, abin da na fara hangowa ba ciyawa ba ce ko lilon yara. Hayaƙi na hango, da jama'a.

A ƙarshen Mayun 2023, lokacin da kantuna ke rage farashin kayan gashi saboda shigowar bazararsu, muka je wani babban kantin kayan gini. Murhu biyu na kamfani ɗaya suna jere. Ɗaya an rubuta masa 572, ɗaya 884. Bambancin kuɗinsu dala 200. Ma'aikacin kantin, wani dattijo mai fara'a, ya ce mini a shekarun da ya yi a wurin bai taɓa ganin wanda ya dawo yana kukan murhu ya yi masa girma ba. Na yarda da shi nan take, domin abin da nake so in ji ke nan.

Uwargida ta dubi babban, ta dube ni. "Malam, mu nawa ne a gidan?"

Na ce ai Sallah saura wata ɗaya.

"Sallah sau nawa take zuwa a shekara?"

Na ce baƙo ba ya sallama da alƙawari, kuma gara a samu rarar wuri da a rasa. Ba ta ƙara magana ba. Da muka isa gida ta yago takarda daga littafin makarantar babbar 'yarmu ta ja layi biyu. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Nawa idon a ranar bai san komai ba, domin ba nama yake aunawa ba.

Lambar da ke jikin kwali

Abu na farko da ya kamata mai saye ya gane shi ne ma'anar waccan lamba. Faɗin ragar gashi ce a murabba'in inci, amma an haɗa raga biyu. A murhun 572, ragar ƙasa inci 22 ce sau 19, wato 418. Sauran 154 wata siririyar raga ce a sama, inci 22 sau 7. A na 884 kuma ta ƙasa 34 ce sau 19, wato 646, ta sama 238. Ragar sama tana da amfani wajen masara ko fukafukan kaza, sai dai cinyar rago ba za ta zauna a kanta ba, kuma idan za ka sa abu mai tsawo a ƙasa, kamar talotalo, dole ka cire ta. Lambar da za ka yi aiki da ita kullum ita ce ta ƙasa.

Ita ma ta ƙasan ba duka ce taka ba. Zafi yana hawowa ne ta gefen farantin kitse, don haka bakin raga ya fi tsakiya zafi, kuma abin da ka ajiye a can zai ƙone kafin na tsakiya ya nuna. Idan ka bar inci ɗaya a kowane gefe, 22 sau 19 ta koma 20 sau 17, wato 340. Sannan tsakanin yanka da yanka ana barin sarari, domin iska mai zafi ce ke girkin. Idan ka cunkushe naman, gefen da ya haɗu da ɗan'uwansa zai fito fari kamar dafaffe.

Abu na biyu shi ne ma'aunin da tallace-tallace ke amfani da shi. Za su ce maka murhu kaza yana ɗaukar fayafayan niƙaƙƙen nama guda kaza, ko haƙarƙarin alade jeri kaza. Na farkon ba shi ne abincinmu na yau da kullum ba, na biyun kuwa ba ya shiga gidanmu. Dole mutum ya fassara lambar zuwa abin da iyalinsa ke ci. Daga baya na ɗauki tef na auna namu. Kaza guda da aka tsaga ta baya aka shimfiɗa tana cin kamar inci 12 sau 12, wato 150 idan an haɗa da sararin gefe. Cinyoyin kaza takwas ba sa wuce haka. Cinyar rago da ƙashinta tana kai inci 15 a tsawo, faɗinta kamar rabin haka. Kifi tarwaɗa ko karfasa guda huɗu suna zama a rabin ragar 22.

Ma'ana, cikakken abincin daren mutum huɗu, da nama da masara da dankali, bai kai murabba'in inci 250 ba. Ragar 340 tana ɗaukar kaji biyu shimfiɗaɗɗu, ko cinyar rago da karfata tare, kuma wannan ya ishi mutum takwas zuwa goma idan akwai shinkafa ko masa a gefe. Da na yi wannan lissafi na minti biyar a kantin, da na ga cewa ƙaramin ya rufe 33 daga cikin ranaku 34 da ke jikin takardar uwargida.

Kuɗin da rarar wuri ke ci

Dattijon kanti ya yi gaskiya ta wani ɓangare: ba wanda ke komawa ya yi kuka, domin asarar babban murhu ba ta zuwa a dunƙule. A hankali take tsiyaya.

Murhun felet ganga ce ta ƙarfe da dole a ɗumama ta duka, ko kaza goma ke ciki ko cinya huɗu. Zafi yana fita ta jikin ƙarfen, kuma gangar da tsawonta ya kai inci 34 tana da jiki kusan ninki ɗaya da rabi na mai inci 22. Na'urar ba ta san yawan naman ba. Zafin iska take aunawa, duk abin da ya fita kuma sai ta mayar da shi da ƙwayoyi. Ƙa'idar da masu ƙera su ke bayarwa ita ce kimanin rabin kilo a awa a ƙaramin zafi, har zuwa kilo ɗaya da 'yan kai idan an ƙure shi. Buhu guda kilo 9 ne, kuma a inda nake saye yana tsakanin dala 15 da 20. A lokacin zafi ban lura ba. A watan Janairu, da sanyin Ohayo ya sauka ƙasa da sifili, iska tana kaɗawa daga filin bayan gida, sai na ga rumbu yana zurarewa kamar an huda shi, don kawai in gasa abincin mutum huɗu.

Akwai kuma lokaci. Babbar ganga ta fi daɗewa kafin ta kai zafin da aka nema. Ranar hutu wannan ba komai ba ne. Ranar Talata da na dawo aiki ƙarfe shida, yara na jin yunwa, ƙarin minti goma ya isa ya sa uwargida ta ce a bari kawai ta soya a kicin. Da yawa daga ranakun da babu su a takardar, ranakun da aka yi niyya ne aka fasa.

Sai shara. Toka tana taruwa a ƙoƙon wuta da ƙasan ganga, kuma dole a zuƙe ta bayan gashi kaɗan, in ba haka ba wuta ta ƙi kamawa. Kitse yana daskarewa a faranti, idan aka bar shi kuma wata rana shi zai kama da wuta. Faranti mai faɗi da raga mai faɗi wanki ne mai faɗi. Nauyinsa ya haura kilo 60, don haka ba na iya jan shi ni kaɗai in sauke daga dandamalin katakon bayan gida, ga shi ana so a nisanta shi da bango. Ya cinye kusurwar da uwargida ta so ta sa kujeru. A gareji kuwa ba a kunna shi ko da ƙofa a buɗe, saboda iskar guba marar wari da ke kashe mutum cikin barci.

Abu na ƙarshe da na gano, wanda ya fi ba ni haushi, shi ne girman bai taimaka wa tsire da komai ba. Tsire yana son garwashi kusa, zafi mai tsanani na ɗan lokaci, wanda zai soya ƙuli-ƙulin da ke jikin naman kafin ruwansa ya tsane. Murhun felet ba ya ba da wannan, babba ne ko ƙarami, domin farantin nan yana tsakani. Tsiren farko da na jera a raga mai inci 34 ya yi kyau a hoto. A baki kuwa ya tsaya tsakanin tsire da kilishi, bai zama ko ɗaya ba.

Ƙanƙanta ma cuta ce

Kada a ɗauka ina cewa a sayi mafi ƙanƙanta. Akwai na tafiya, waɗanda ragarsu ba ta wuce murabba'in inci 300 ba, wasu ma ba su kai 200 ba. Wani abokin aikina yana da irinsa, kuma matsalarsa kishiyar tawa ce. Ƙirjin sa cikakke yana kai kilo 5 zuwa 7, tsawonsa kusan inci 20, don haka sai ya raba shi biyu kafin ya shiga. Murfin gajere ne, talotalo ba ya zama. Rumbunsa bai kai kilo 4 ba, alhali na matsakaicin murhu yana ɗaukar kilo 8. A rabin kilo kowace awa, kilo 8 zai kai ka awa 16, ka kwana lafiya. Ƙaramin rumbu kuwa zai tashe ka tsakar dare, idan kuma ka makara ƙwayoyi suka ƙare, wuta ta mutu, nama ya kwana a ɗumi, sai zubarwa.

Don haka akwai ƙasa da bai kamata iyali su sauka ba. Ma'auninta shi ne yanka mafi girma da kuke gasawa a dunƙule ko da sau uku ne a shekara. Yawan mutane ana iya magance shi da sahu biyu. Tsawon cinyar rago ba ya lanƙwasuwa.

Abin da Hajiya ta ce

Babbar Sallar 2023 ta faɗo ranar Laraba, 28 ga Yuni. A nan ba hutu ba ne, don haka daga filin idi kowa wurin aiki ya nufa. Na sa walima ranar Asabar, na gayyaci mutum talatin. Sha huɗu muka zama, har da mu. Sauran suna gidan wani dattijonmu, Alhaji, wanda ya riga mu zuwa garin da shekara ashirin, kuma a gidansa Hausawa da sauran 'yan Arewa ke taruwa kowace Sallah tun kafin in zo. Na san da haka. Na dai zaci sabon gida da sabon murhu za su karkato da mutane. Waɗanda suka zo ma, bayan la'asar suka yi haramar tafiya can, mu ma muka bi su da sauran naman a kula.

Ko a ranar ragar ba ta cika ba. Ragon layya ba ya hawa wuta gaba ɗayansa. An fitar da na kyauta, an fitar da na sadaka, uwargida ta ɗebi na suya da na dambu. Abin da ya rage na gashi cinya ɗaya ce da karfata da haƙarƙari.

Watanni bayan haka, cikin sanyi, ina hira da mahaifiyata ta bidiyo, sai na juya wayar na nuna mata murhun a ƙarƙashin ƙanƙara. Ta tambayi ko sana'ar nama na fara. Na yi dariya na ce a gidanta na koya, inda ba a taɓa ɗora ƙaramar tukunya ba. Na tuna mata da Sallar ƙuruciyarmu a Zariya, tsakar gida cike, manyan tukwane uku a kan duwatsu.

Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce, "Kai kuwa, waɗannan tukwanen ai ba nawa ba ne. Ɗaya ta gidan Liman ce, biyu na ƙungiyarmu ta mata. Ranar biki a ɗauko, washegari a wanke a mayar. Wa ya gaya maka tukunyar biki tana kwana a murhu? Tawa ta kullum ai ka san ta, wadda hannunta ɗaya ya karye."

Na san ta kuwa. Matsakaiciya ce, kuma a cikinta aka yi tuwon da ya raine mu. Idan baƙo ya zo, ƙarin gari ake yi, ko a sake ɗorawa. Shekara arba'in ina ɗauke da hoton tsakar gidan nan, ban taɓa tambayar na wane ne kayan da ke cikinsa ba. Yalwar da na tuna ba ta gida ɗaya ba ce, ta unguwa ce. Ni kuma na zo ƙasar da kowa ke da injin yankan ciyawarsa da tsaninsa da abin haƙa raminsa, ko da sau ɗaya zai yi amfani da su a shekara, sai na yi ƙoƙarin sayen unguwa guda da dala 750 in ajiye a bayan gida.

Abin da ya yi mini nauyi in amsa shi ne lambar 4. Sayen matsakaicin murhu tamkar sa hannu ne a kan cewa gidana na mutum huɗu ne, cewa 'yan'uwana suna nesa da tafiyar yini guda a jirgi, cewa yarana ba za su tashi cikin hayaniyar da na tashi ba. Uwargida ta riga ni amsa wannan da daɗewa. Takardarta ba gori ba ce. Tana nuna mini ne cewa mutum huɗun nan sun zauna sun ci tare sau 29, ni kuwa hankalina yana kan kujerun da babu kowa.

Yadda zan auna yau

Ga wanda ke da ƙaramin iyali kuma yana shirin saye, ga abin da zan ce.

Ka fara da ƙidaya. Ka duba watanni shida da suka wuce, ka rubuta sau nawa baƙi suka ci abinci a gidanka da kuma yawansu. Abin da ya faru za ka rubuta, ba abin da kake fata ba.

Sannan ka nemi tsawo da faɗin ragar ƙasa kaɗai, ka yanka takarda ko kwali daidai girmanta, ka rage inci ɗaya a kowane gefe, ka shimfiɗa a teburin cin abinci. Ka jera abincin dare ɗaya a kai, da sarari tsakani. Ka gwada yanka mafi girma da kuke saye. Ga mutum uku zuwa biyar, ragar ƙasa mai murabba'in inci 400 zuwa 450 tana isa har da rara. Ka auna tsayin murfi idan kuna gasa talotalo. Ka duba rumbu: kilo 8 ya wadatar da gashin dare guda.

Kuɗin da ka rage, ka sa su inda za su yi aiki. Ma'aunin zafi na sokawa a nama ya fi ƙarin inci goma amfani: Ma'aikatar Gona ta Amurka ta sa digiri 74 ga kaza, 63 ga yankan rago ko sa, karfata da ƙirji kuwa sai sun kai wajen 93 zuwa 95 suke sakin jiki. Ka sayi rigar rufe murhu da bokiti mai murfi, domin ƙwayoyin nan idan suka sha danshi kumbura suke yi su koma gari, su toshe murɗaɗɗen ƙarfen. Ka tabbatar na girki ka saya, ba na ɗumama ɗaki ba. Idan kuma kana son tsire na gaske, ƙaramin murhun gawayi mai araha a gefe shi ne magani.

Ranar taro kuwa, sahu biyu ake yi. Babban yanka da ya nuna, idan aka naɗe shi da takardar alminiyom da tawul aka sa a kula, yana riƙe zafi sa'o'i, kuma muddin bai sauka ƙasa da digiri 60 ba lafiya lau ne, hutun ma ƙara masa taushi yake yi. Kafin a zauna, kaji sun shiga sun fito.

Wasu 'yan'uwa a gida sun tambaye ni ko in auno musu irinsa. Amsata ita ce su yi tunani sau biyu. Na Amurka wutar bolt 120 yake sha, ta Nijeriya 230 ce. Ba ya cin lantarki da yawa bayan mintunan farko, amma yana buƙatar ta ba yankewa, idan aka ɗauke kuma wutarsa ta mutu. Sannan makamashinsa ba a bakin titi ake sayar da shi ba kamar gawayi. Abu ne da aka ƙera don ƙasar da garin katako ya yi yawa, lantarki kuma ba ya ƙiftawa.

A watan Afrilun 2024 na kira Alhaji na ce ina so in kawo masa murhun ya zauna a gidansa. Ya ce, "Dakta, kyauta ba za ta yiwu ba, kai ma da iyali." Muka yi ta ja har ya tura mini dala 400, na karɓa don kada in ɓata masa rai. Mutum uku muka ɗora shi a motar ɗaukar kaya. Na cika kuɗi na sayi mai raga 22 sau 19, da ƙaramin na gawayi.

Sallar 2024 ta faɗo ranar Lahadi, 16 ga Yuni. Tun daren jajibiri na je gidan Alhaji na share tsohon murhuna na cika rumbunsa. Da naman ya iso daga gona, raguna na gidaje biyar ne suka ba da cinya da karfata, ragar inci 34 ta cika har ta sama, karo na farko tun da aka ƙera ta. Mun haura mutum hamsin. Yarana suna guje-guje cikin yaran mutane, wata dattijuwa daga Maraɗi tana yi wa autanmu faɗa da Hausa don ya taka tabarma da takalmi.

Ranar Talata na dawo aiki ƙarfe shida, na kunna na gida. Kafin in sauya kaya ya yi zafi. Cinyoyin kaza takwas, masara huɗu. Uwargida ta fito da faranti ta tsaya a inda babban yake a da, inda yanzu kujerunta suke.

Na ce, "Ba za ki rubuta ba?"

Ta ce, "Na daina ƙirge, Malam. Juya naman."